Clarrie, Keken da Aka Ci Gadonsa da Ransa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba kuma ba ta da niyyar hucewa, ni Desmond Pascoe na gida mai lamba goma sha huɗu a Layin Banksia nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kirki da waɗanda ba na kirki ba, rasuwar keken lantarkina, Clarrie. Ya riga mu gidan gaskiya da safiyar Litinin ta makon jiya a cikin motar kwasar tarkace, bayan gajeriyar jinya ta kwana ɗaya a bakin titi. Ya rasu yana da shekara ɗaya da wata biyu a duniya. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, kuma wanda ya yi sanadin ajalinsa yana nan da ransa da lafiyarsa a gida mai lamba goma sha shida, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sunansa Neville Krause. Na buga wannan sanarwa kwafi arba'in, na jefa a akwatin wasiƙar kowane gida a layinmu da layin bayanmu, don kada wani ya ce bai ji ba.

Ga waɗanda ba su san asalin marigayi ba, ya shigo rayuwata ne a lokacin da ƙasa ta yi mini zafi. Matata Lorraine, wadda muka yi shekara arba'in da shida tare, tana gidan kula da tsofaffi da ke saman tudu, kilomita bakwai daga nan. Ciwon mantuwa ne ya kai ta can. Ma'aikatan gidan sun gaya mini tun ranar farko cewa maganin da ya rage shi ne ta riƙa ganin fuska ɗaya a lokaci ɗaya kullum, in ina so ta ci gaba da sanina. Saboda haka kowace rana sha biyu saura kwata ina gabanta da cokali a hannu. Ana cikin haka na suma a kan sitiyari a gaban danja, likita ya duba zuciyata ya girgiza kai, hukuma ta karɓe lasisina. Bas kuwa sai ka shiga biyu, ka zagaya ta tsakiyar Brisbane, sannan ta sauke ka a gindin tudun ta yi gaba abinta. 'Yarmu Kerryn ta zo daga Perth da hutun mako biyar tana kai ni tana dawo da ni, kuma kafin hutun ya ƙare dole in san yadda zan yi.

Mako biyar ɗin nan na yi su ina juya maganar sayen keken, ina kwana da ita ina tashi da ita. Dala dubu uku da ɗari biyu ba abin wasa ba ce ga mai cin fansho. Akwai wani na dala ɗari tara da ake tallarsa a waya, har na kusa faɗawa. Matar da ke shagon kekuna ta dube ni ta dubi hoton, ta ce, “Baba, wannan zai kai ka gindin tudun lafiya lau. Daga nan kuma sai ka ɗauke shi a ka.” Na ce araha dai ba ta ado, na koma gida na ci gaba da tunani. Duk wanda na sani sai da ya ba ni shawarar da ban nema ba, amma babu wanda ya kai Neville. Ya jingina da katanga, gwangwanin giya a hannu, yana dariya har da tari.

“Dubu uku? A kan keke? Haba Des, kai da hankalinka! Ka bari makon fitar da tarkace bakin titi ya zo, ni zan tsinto maka keke kyauta, in ɗaura masa injin wanki.”

“Ka ɗaura wa bakinka birki tukuna,” na ce masa.

“Ni dai na gaya maka. Wata uku, za mu gan shi a gareji ana shanya tawul a kansa.”

Na sayar da ƙaramin kwalekwalen kamun kifina, wanda na yi shekara ashirin ina shiga ruwa da shi, na sayi Clarrie. Ranar da aka ja kwalekwalen daga ƙofar gidana na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kuma ba na jin kunyar faɗar haka. Neville ne ya taya mai sayen ɗaure igiya.

Ba ni na raɗa wa marigayi suna ba. Ranar farko da na hau tudun da shi, ina haki don tsoro ba don gajiya ba, Lorraine tana zaune a bakin taga. Ta leƙo ta gan shi, baƙi, mai kaurin ƙafa, ta tafa hannu ta ce, “Dessie, ina ka samo Clarrie?” Clarrie tsohon dokin mahaifinta ne a gonarsu ta shanun madara, ya mutu tun tana makarantar firamare. Ban yi mata gardama ba. Sunan ya zauna.

Marigayi mutumin kirki ne, in ana ce wa keke mutum. Mai haƙuri ne, marar surutu, ba ya cin abinci sai ɗan abin da ya tsotsa a soket ɗin gareji, wanda bai kai kuɗin kofin shayi ba. Bai taɓa cewa yau ba ya jin fita ba. Duk maganarsa a duniya kala uku ce: ƙas, in na zura masa batir, ziiii, a hankali, in ya ga tudu ya sa kafaɗa, da tilin-tilin, in masu yawo da karnuka sun tare hanyar kekuna ta bakin rafi. Mun sha ruwan sama tare, mun sha ranar Janairu, watan tsananin zafi a nan Brisbane, da ke narka kwalta. Lokacin da tsuntsayen nan masu baƙi da fari suke ƙyanƙyasa suna kai wa masu keke sara a ka, shi ne ya fitar da ni daga hannun wani tsohon mugu daga cikinsu da ke zaune a itacen kusa da gada, sau ba adadi. Kwana ɗari huɗu da goma sha ɗaya ya kai ni gaban Lorraine a kan lokaci, bai fasa ko ɗaya ba. Akwai ranakun da ta manta sunan 'yarta, ta manta an yi mata wanka, ta manta ko wace shekara muke ciki, amma in na shigo sai ta ce, “Ka makara, Dessie,” alhali ban makara ba. Wannan kalmar nake saye da dala dubu uku da ɗari biyu, kuma ban ga an cuce ni ba.

Aibinsa ɗaya, wanda ni na jawo masa, shi ne ba shi da ado. Sirdinsa ya tsage na naɗe shi da baƙin salatif. A bayansa na ɗaure kwandon roba na madara da waya, don ɗaukar miyar kabewa da Lorraine ke so. Ƙura da laka sun rufe fentinsa, don ni kullum sauri nake, ban taɓa tsayawa wanke shi ba. Wanda bai san shi ba zai ɗauka ya gama aiki.

Rashin lafiyarsa ta ƙarshe ta fara ne ranar Lahadi, jajibirin kwasar tarkace ta unguwarmu. Kowa ya fito da nasa kan ciyawar bakin titi, tsofaffin kujeru da katifu da fankoki da injinan motsa jiki da aka saya da kyakkyawar niyya. Ƙa'idar kuma kowa ya san ta tun yana yaro: abin da ke kan tarin, na mai rabo ne, ba tambaya ba sallama. Neville kuwa wannan makon shi ne Kirsimetinsa. Rabin abin da ke gidansa daga bakin titi ya fito, har kujerar da yake zama yana zagin masu sayen sabon abu. Ƙarfe tara da rabi ya leƙo ta katanga.

“Des, mutumina, ara mini dokin nan naka minti goma. Motoci sun cushe layin baya, kowa na tafiyar hawainiya yana leƙe, kafin in kutsa da a-kori-kurata an kwashe na kirkin.”

“Keken da ka ce za a shanya tawul a kansa?”

“Kai, ba ka mantuwa? Wasa nake. Minti goma, na rantse.”

“Sha ɗaya nake fita, Nev. Ka san inda nake zuwa.”

“Na fi ka sani. Kafin ka gama ɗaure takalmi na dawo.”

Shekara talatin da takwas muna maƙwabtaka, shi ya riƙe mini tsani ranar da na gyara rufi, matarsa marigayiya ƙawar Lorraine ce. Na ba shi. Wannan ne laifina na farko, kuma na amsa shi.

Abin da ya biyo baya na tattara shi ne daga bakin shaidu. Neville ya isa layin baya, ya ga wani mutum yana fito da kaya, ya ji ana maganar injin yankan ciyawa da bai riga ya fito ba. Sai ya sauka, ya jingina Clarrie da wata tsohuwar kujera, a tsakiyar tarin tarkacen gidan, makulli a jikin batir, ya bi mutumin bayan gida. Mutumin da ya shekara hamsin yana tsince a bakin titi, wanda ya fi kowa sanin ma'anar ajiye abu a wurin nan a irin wannan rana, shi ne ya yi wannan. Minti arba'in suka yi a bayan gidan suna hirar fulogi da kafireto. A cikin minti arba'in ɗin aka ci gadon Clarrie yana numfashi. Wani mai tirela ya zare batir. Wasu 'yan gwangwan suka kwance tayar baya da injinta, suka yanke wayoyi. Wani ya ɗauki tayar gaba, wani sirdi duk da salatif ɗinsa. Babu ɓarawo ko ɗaya a cikinsu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, kowa da rana tsaka ya ɗauka yana gaisawa da jama'a.

Ni kuwa ina tsaye a ƙofar gida da miyar kabewa a hannu tun sha ɗaya saura. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta yi. Sai ga Neville ya ɓullo daga kwana a ƙasa, fuska kamar an jiƙa burodi, yana tura injin yankan ciyawa. Wai ya zagaya neman waɗanda suka kwashi kayan bai same su ba, ya bar gangar jikin a can don kunyar kawo mini ita haka. Injin dai bai bar shi ba.

“Des, ka tsaya ka ji. Ni ban ɗauka...”

“Ina kekena?”

“Ai shi ne nake gaya maka. Na ajiye shi nan kusa, kusa ƙwarai...”

“A kan tari?”

Ya mayar da idonsa kan injin. Garin neman gira an rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne. Ko tashi injin ba ya yi, na ji shi da kunnena yana jan igiyarsa har la'asar. Da na lallaba layin bayan da sassafe don in ɗauko abin da ya rage, motar kwasar tarkace ta riga ni. Ina daga nesa na ga an jefa shi ciki tare da kujerar. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙurus, sau ɗaya, bai ƙara ba.

Marigayi ya rasu ya bar caja ɗaya, wadda har yau take maƙale a bangon gareji da koren idonta a buɗe tana jiran wanda ba zai dawo ba. Ya bar hular kwano, da famfon iska, da makulli na biyu. Ya bar batir a hannun wani mai farar tirela da ban san sunansa ba, ina kuma roƙon Allah ya sa ya ƙare masa a tsakiyar hanya, ranar da ake ruwa, nesa da gida. Ya bar tayar gaba, wadda na gani da idona a jikin amalanken lambun gida mai lamba bakwai na layin baya, kuma mai gidan ya san na gani. Ya bar kwandon madara, wanda Toula mai gidan da ke kan kwanar layi ta ɗauka ta shuka ɗoɗɗoya a ciki. Ita kaɗai ce ta dawo da nata, da shukar da komai, tana share hawaye tana cewa, “Ai da na san na Lorraine ne, Des, da hannuna ya karye kafin in taɓa.” Toula ta fita daga wannan magana, Allah ya saka mata. Sauran suna ciki.

Ranar Litinin ɗin Neville ya zo ƙofata da makullin a-kori-kurarsa ya ce in zo ya kai ni. Na ce masa gara in tafi da rarrafe. Na ɓata yinin ina bin gidaje ina tambayar kayan da ba za su dawo ba. Talata na shiga bas biyu, na sauka a gindin tudun, na fara hawa da ƙafa. Ban kai rabi ba ƙirjina ya ɗaure, na zauna a bakin hanya, wata mai wucewa ta kira motar asibiti. Kwana huɗu suka riƙe ni. Na san akwai masu cewa girman kaina ne ya kwantar da ni, Kerryn ma ta faɗa mini haka a waya ba tare da ta tauna ba. Na ji. Amma wanda ya kunna wutar shi ake tambaya, ba wanda ya ƙone ba.

Marisol, ma'aikaciyar da ke kula da Lorraine, ta kira ni ina gadon asibiti. Ta ce, “Baba Des, ba ta cin abinci sosai. Kwana biyun farko tana zama a taga. Yanzu ta daina zama.”

Ranar Asabar aka sallame ni, kuma ba wanda zai ɗauke ni sai shi. Na shiga motar, ya tuƙa mu kai tsaye saman tudun. Na ce ya jira a waje, ya ce zai dai raka ni ƙofa kada in faɗi. Lorraine tana zaune a kujerarta an rufa mata bargo a gwiwa. Ta ɗago kai, fuskarta ta washe gaba ɗaya, har zuciyata ta yi sanyi. Sai na ga ba ni take kallo ba.

“Neville Krause! Kai ne? Ina Beryl, ba ku zo tare ba?”

Beryl, matarsa, ta shekara tara a kabari. Neville ya ce tana gida. Lorraine ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, cikin ladabi, irin kallon da take yi wa mai karanta mita.

“Wane ne wannan dattijon da ka zo da shi? Ku ba shi kujera mana, da alama bai da lafiya.”

Na zauna a kujerar. Na ɗauki cokali, ta ce na gode, za ta ci da kanta. Kwana shida kacal ba ta gan ni ba, bayan ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Marisol ta ce wani lokaci sanin yana dawowa, wani lokaci ba ya dawowa, ba wanda zai yi mini alkawari. Tun daga ranar kullum ina zuwa, kullum tana gaishe ni da mutunci tana tambaya ko daga coci aka aiko ni. Ban taɓa jin ƙiyayyar mutum irin wadda na ji a hanyar dawowa ranar nan ba, yana tuƙi yana kuka, ni kuma ko tausayinsa ban ji ba.

Masu tare ni a kanti suna tambaya ko keken lantarki ya cancanci kuɗinsa, su daina. Ga amsa sau ɗaya: ya cancanta, har da riɓi, in kana da inda dole ka je. Ku sayi mai kyau, ku wanke shi ya riƙa ƙyalli, kada kuma ku ara wa kowa ko da shi ya yi muku wankan jego. Ba ni da wani kwalekwalen da zan sayar, saboda haka Clarrie ba shi da magaji.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe a ƙofar gidana. Tunda babu gawa, za a binne makulli na biyu a gindin katangar da ke tsakanina da gida mai lamba goma sha shida, ta ɓangaren Neville, kuma shi zai haƙa ramin. Ba a buƙatar furanni. Duk wanda ke riƙe da wani sashe na marigayi ya zo da shi ya ajiye a gaban jama'a, ba za a kira ɗan sanda ba, za a dai kira sunansa da ƙarfi. Toula za ta kawo shayi da kek, kuma ita za ta zaɓi wanda za a ba.

Daga nan sai zaman makoki, wanda mutum ɗaya zai yi, kuma ba na kwana uku ba ne. Kowace rana ta Allah, sha ɗaya da kwata, Neville Krause zai tsaya a ƙofata da motarsa, rediyo a kashe, baki a rufe. In mun isa ba zai jira a waje ba. Tunda shi ta sani, shi zai shiga gaba, ya tsaya a gabanta, ya dubi idonta ya ce, “Lorraine, wannan Des ne, mijinki.” Zai faɗa gobe, ya faɗa jibi, ya ji da kunnensa duk amsar da za ta bayar. Ranar da ta harare shi ta ce, “Na sani mana, wa ya tambaye ka?” a ranar na yafe masa. In kuma ranar ba ta zo ba, to, a bakin wannan maganar zai tsufa.